Sihiri Mai Araha: Inda Masu Ra'ayi Kan Littattafan Al'ajabi na Matasa Suka Saki Hanya

Da wuya a zauna da ɗaliban adabi a tayar da zancen littattafan al'ajabi na matasa, irin su Harry Potter da Twilight da Eragon, ba a ji ɗaya daga cikin hukunci biyu ba. Na farko na mai raini ne: tatsuniyar Turawa ce aka yi wa bango mai sheƙi, babu abin nazari a cikinta, kuma babba da gemunsa bai kamata a gan shi riƙe da ita ba. Na biyu na mai tsoro ne: sihiri ne tsagwaronsa, yaron da ya saba da shi ya kama hanyar gidan boka. Can gefe kuma akwai na uku, wanda ba ya cika buɗe baki a aji saboda kunya, alhali shi ne ya karance kashi bakwai na Harry Potter cikin Faransanci a wayarsa, yana kiran makarantar masu sihirin da suna Poudlard kamar yadda Jean-François Ménard ya fassara ta. Iyakar abin da zai ce shi ne littafin ya yi daɗi. Su ukun nan kowa yana da ra'ayi, amma babu wanda ya yi tarke a cikinsu, kuma ɗalibin adabi da ba ya rarrabe ra'ayi da tarke ya yi asarar shekarun da ya kwashe a jami'a.

Mai raini shi ya fi cancantar a fara da shi, domin shi ne ya fi ɗaga murya, kuma shi ne ya fi saɓa wa kansa. Wannan ɗalibi da ke yatsina fuska idan an ambaci yaro mai hawan tsintsiya, shi ne da safe ya zauna ya rubuta shafi huɗu a kan jigon Ruwan Bagaja. To, mene ne Ruwan Bagaja? Labarin wani ne da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ratsa ƙasashe, ya yi ta karo da Malam Zurƙe, daga ƙarshe aljannu suka taimaka masa ya kai ga ruwan. Abubakar Imam yana da shekara 22 lokacin da ya rubuta shi domin gasar da Rupert East ya shirya a 1933. A cikin gasar nan ɗaya Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, jarumin da ya fara da yaƙar Turawa, ya ƙare a ƙasashen aljannu. Magana Jari Ce da ta biyo baya daga 1937, domin ƴan makaranta aka yi ta, kuma aku ne ke ba da labari a cikinta don ya hana ɗan sarki fita. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro aka yi sararin samaniya da shi, duk ƴan gida ɗaya ne. Rubutun zube na Hausa da al'ajabi ya buɗe ido, kuma yara da matasa aka fara yi wa shi. Wanda ya ce labarin al'ajabi na matasa bai isa a nazarce shi ba, ya sare reshen da yake zaune a kai.

Rainin nan ma aro ne. A Yulin 2000 Harold Bloom, babban matarki na Jami'ar Yale, ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa miliyoyin masu sayen Harry Potter sun yi kuskure. A 2003 marubuciya A. S. Byatt ta ƙara nata a New York Times. A 2014 Ruth Graham ta ce a mujallar Slate ya kamata manya su ji kunyar karanta littattafan da aka yi wa matasa, bayan wani bincike na kamfanin Bowker a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen irin waɗannan littattafai sun kai shekara 18 ko sun haura. Sai dai akwai bambanci tsakanin Bloom da masu kwaikwayonsa. Shi ya karanta littafin farko, ya nuna jimlolin da ya ga sun tsufa a bakin marubuta, ya kafa hujja da salo. Ana iya musanta masa, domin ya ajiye abin da za a musanta. Mai rainin aji kuwa bango kawai ya gani.

Mai tsoro ya fi mai raini gaskiyar zuciya, saboda haka ba a yi masa dariya. Ba shi kaɗai ba ne kuma. A Amurka jerin Harry Potter ne ya zo na ɗaya a littattafan da aka fi neman a janye daga ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, bisa ƙididdigar ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar, kuma a Disambar 2001 wata majami'a a garin Alamogordo ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Abin da ya ɓace wa mai tsoro shi ne abin da kowace kaka ta sani: gatana tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Ana buɗe ta da kalmomin da ke shaida wa yaro cewa an bar duniyar gaskiya, ana rufe ta da ƙurunƙus, har mai bayarwa ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya shara. Ba a taɓa jin yaron da ya tafi neman Dodo don ya yi masa yanka ba saboda ya ji labarinsa da dare. Kalmomin sihirin Rowling guntayen Latin ne da ta ƙera, ba su kiran kowa, ba su roƙon kowa. In mai tsoro yana neman littafin da ke da ainihin jayayya da addini, to Philip Pullman ne, wanda ya gina kashi ukunsa, daga Northern Lights na 1995, a kan yaƙi da ikon majami'a da ma abin da ke samanta. Wannan muhawara ce ta gaske, ta cancanci amsa ta gaske daga mai imani. Amma sai an karanta ake gane wane littafi ne ke wasa, wane ne ke gardama, kuma mai tsoro bai karanta ko ɗaya ba.

Tambayar da ta dace da wannan nau'in adabi ba ta wuce ɗaya ba, kuma tsohuwa ce ƙwarai: me tauraron labarin ya biya? J. R. R. Tolkien, a laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939, ya bayyana cewa marubucin al'ajabi duniya ta biyu yake ginawa, kuma mai karatu zai gaskata ta muddin tana bin dokokin kanta. Bahaushe bai jira Tolkien ba. Tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Imam ya ari sunanta, a kan wannan doka take tsaye. An tura ƴar bora wankin ƙirgi a ruwa mai nisa. Ta wuce abubuwan marmari ba ta taɓa ba, ta iske cinya da kare suna zaman gida ba ta yi musu dariya ba, aka ba ta zaɓi ta ɗauki ƙaramin ƙwai, ta koma da dukiya. Ƴar mowa ta bi sawunta da rashin kunya da haɗama, ta ɗauki babban ƙwai, ta koma da kutare da makafi. Hanya ɗaya, ƙwai iri ɗaya, sakamako biyu. Abin al'ajabin ba kyauta ba ne. Da haƙuri da ladabi aka saye shi, kuma wadda ta ƙi biya ta ga abin da ya biyo baya. Da wannan awo ake auna littattafan Ingila da Amurka, kuma da zarar an ɗora su a kansa sai a ga ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne wanda masu ra'ayin nan uku suka fi jahilta, wato A Wizard of Earthsea na Ursula K. Le Guin, wanda ya fito a 1968, kusan shekara talatin kafin Harry Potter, kuma shi ma da makarantar masu sihiri a cikinsa. Ged ɗan maƙeri ne mai kiwon awaki a tsibirin Gont. Yana da baiwa, yana da girman kai da ya fi baiwar. Malaminsa na farko, Ogion, mutum ne da zai bar ruwan sama ya jiƙa shi maimakon ya kore hadari da kalma ɗaya, domin hadarin da aka kora daga nan a kan wani zai sauka. Yaro ya ga wannan koyarwa ta yi masa sanyi, ya tafi babbar makaranta a tsibirin Roke. A can, don ya kunyata wani ɗalibi da ke yi masa gori, ya yi ƙoƙarin kiran ruhun wata matacciya, sai wata inuwa marar suna ta kutso duniya ta yage masa fuska. Shugaban makarantar ya ƙarar da ƙarfinsa wajen rufe ɓarakar, ya mutu. Daga nan littafin ya zama labarin wanda ke gudun abin da ya saki da hannunsa, sannan ya juyo ya bi shi, har can ƙarshen teku inda ya kira inuwar da sunansa na kansa. Babu wani mugun sarki da aka kashe. Abokin gabar tun farko a cikin ƙirjin yaron yake.

Ɗalibin Hausa yana da wata dama a kan wannan littafi da ɗalibin Landan ba shi da ita. Sihirin Earthsea duka a kan suna yake: kowane abu yana da sunansa na gaskiya, wanda ya san shi ya sami iko a kansa, shi ya sa mutum ke ɓoye nasa yana yawo da laƙabi. Wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mata ba ta kiran sunan mijinta, sunan yanka yana lulluɓe a ƙarƙashin sunan rana da na kakanni, ba ya bukatar a yi masa sharhin nauyin suna. Haka kuma dabbar da ke bin kowane mutum a littattafan Pullman, wadda in an raba shi da ita ya zama gangar jiki kawai, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san zancen kurwa. Ga kundin digiri a kwance a nan, babu mai ɗauka, saboda an riga an yanke hukuncin cewa shirme ne. (Ged, af, jan mutum ne mai duhun fata, amininsa Vetch baƙi ne, fararen fata kuwa su ne ƴan harin da suka zo ƙona ƙauyensu. Da aka mayar da littafin fim na talabijin a 2004 aka ba Bature farar fata matsayin Ged, Le Guin ta fito fili ta yi tir da abin.)

Harry Potter a tsakiya yake, kuma mai son sa ya kamata ya iya jin haka ba tare da ya ɓata rai ba. Inda Rowling ta yi ƙarfi, ta yi ƙarfi ne saboda ta sa an biya. Kariyar da ke jikin Harry ran mahaifiyarsa ne farashinta. Voldemort ba ya samun tsawon rai sai ya kashe mutum ya tsaga ransa, kuma kowace tsaga tana rage masa kamannin ɗan Adam. A kashi na bakwai yaron da ƙafarsa ya taka zuwa inda ya san za a kashe shi. Waɗannan wurare ne suka riƙe masu karatu daga 1997, lokacin da Bloomsbury ya buga kwafi 500 kacal na bugun farko mai kauri, har aka sayar da fiye da miliyan 500 a harsuna fiye da 80. Amma a gefen wannan akwai sihiri mai araha birjik. A kashi na uku an ba ɗaliba ƴar shekara goma sha uku na'urar komawa baya cikin lokaci don kawai ta halarci darussa da yawa. Da ita aka ceci rai biyu a dare ɗaya, sannan marubuciyar ta farfasa sauran na'urorin a kashi na biyar, domin in suna nan babu mutuwar da za ta zauna daram. Mafi muni shi ne zancen jini. Littafin yana la'antar masu alfahari da tsarkin jini, ya ba Hermione, ƴar talakawan da ba su da sihiri, kaifin basirar da ta fi ta kowa. Duk da haka sihirin kansa haihuwa ake yi da shi. Filch, mai gadin makarantar, an haife shi a gidan masu sihiri ba shi da baiwar, yana ɓoye takardun koyon sihiri ta wasiƙa, kuma abin dariya aka mayar da shi. Akwai halittun da ke bauta a gidaje ba lada, aka ce wai son bautar suke yi, yarinyar da ta tashi ƙwato musu ƴanci ita ake yi wa ba'a. Mai karatun da ya fito daga ƙasar da har yanzu ake tambayar asalin mutum kafin a ba shi aure bai kamata ya wuce waɗannan shafuka yana murmushi ba.

Abin takaici, raunin aka gada, ba ƙarfin ba. Bayan da kasuwa ta gane akwai kuɗi a wurin, har New York Times ta ware wa littattafan yara jerinsu na daban a 2000 saboda Harry Potter ya mamaye na manya, sai aka shiga ɗinka riga ɗaya ana sauya mata launi. Maraya ko marainiya, talaka a ido, sai a wayi gari jininsa ba irin na kowa ba ne. Eragon na Christopher Paolini ɗan ƙauye ne, daga baya aka gano mahaifinsa yana cikin mahayan macizan nan masu fukafukai. Percy Jackson na Rick Riordan ɗan Poseidon ne, abin bautar teku na Girkawan da. Tauraruwar Throne of Glass ta Sarah J. Maas fursuna ce mai kisan kai, ashe ita ce magajiyar gadon sarautar da ta ɓace. Saƙon da ke ƙarƙashin wannan zubi ba ya ɓuya: in kana shan wuya, yi fatan a gano kai ɗan wani ne. Ƴar bora ba a taɓa gano cewa ƴar sarki ce ba. Ƴar bora ta tafi, ƴar bora ta dawo, halinta ne ya sauya mata rabo.

Twilight na Stephenie Meyer, daga 2005 zuwa 2008, shi ne ƙarshen araha. Kashi uku ana gargaɗin Bella cewa in ta zama mai shan jini irin masoyinta za ta rabu da iyayenta, ba za ta haihu ba, za ta yi shekaru ƙishin jini yana haukata ta. A kashi na huɗu ta haihu, ta rikiɗe, ta iske tana da kamun kai tun ranar farko, ta ci gaba da ganin mahaifinta, ta sami kyau da dukiya da rai marar ƙarewa. Saurayin na biyu da aka bari ma an sama masa mafita. Aka tara runduna biyu domin babban yaƙi, aka yi jawabai, kowa ya koma gida. Bashin da aka yi shafi dubu ana lissafawa, aka yafe shi a shafin ƙarshe. A kwatanta da Pullman, duk da abin da ake iya riƙe shi da shi: wuƙar da ke buɗe ƙofa tsakanin duniyoyi yatsu biyu ta ci wa yaron da ya riƙe ta, kowace ƙofa da ya buɗe tana sakin wata halitta mai cin ran manya, kuma a ƙarshe dole a rufe ƙofofin, shi da yarinyar da yake ƙauna kowa ya zauna a duniyarsa har abada. Ba mamaki kashi na ukun, The Amber Spyglass, ya zama littafin yara na farko da ya ci babbar kyautar Whitbread, ta shekarar 2001.

Marubuta ƴan asalin Afirka da suka shigo fagen ba a ɗaga musu ƙafa don sun ambaci sunayen gida. Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, na 2018, ya ɗauko abubuwan bautar Yarabawa ya yi zancen zaluncin hukuma da zafi, amma masu sihirinsa da farin gashi ake haihuwarsu, wato rigar nan ce dai aka yi wa aikin gida. Nnedi Okorafor ta fi yin nisa. A Akata Witch na 2011, duk lokacin da yaro ya koyi wani abu na gaske sai kuɗi su zubo masa daga sama, kuma na tagulla sun fi na zinariya daraja. Dukiya a wannan duniya awon ilimi ce. Ita ce kuma, haifaffiyar Amurka ƴar iyaye Ibo, ta rubuta The Shadow Speaker a 2007, ta kafa labarin a Nijar ta wajen shekarar 2070, da yarinya mai jin maganar inuwoyi da wata jarumar da ta kira Sarauniya Jaa. Ƙasar da ta haifi Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya mayar da ita tauraruwar littafi a 1980, wata ce daga ƙetaren teku ta hango cewa akwai labarin al'ajabi na matasa a cikin rairayinta, yayin da ɗalibin Yamai da na Damagaram ke gardamar ko nau'in ya isa a kula shi.

Hasarar ba ta tsaya kan littattafan waje ba. Littattafan yaƙi na Hausa, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da sadaukansu da matsafansu da aljannunsu, matasa na karanta su, suna sauraren su a waya daga Maraɗi har Garwa. Wanda bai koyi tambayar me aka biya ba, ba shi da abin da zai ce a kansu sai yabo ko tsaki. Ba zai lura da sadaukin da ke sare dakaru dubu ya fito ba ƙwarzane ba, balle ya tambayi abin da hakan ke yi wa labarin.

Imam kansa bai kuɓuta daga awon ba, kuma a nan ne mai raini zai fi jin zafi. A sake buɗe Ruwan Bagaja a ƙirga shafukan da Alhaji Imam ya yi yana neman ruwan da gaske, a ƙirga waɗanda ya yi yana damfarar mutanen gari shi da Malam Zurƙe, kowa na ramuwa a kan ɗan'uwansa. Na biyun sun rinjayi na farkon nesa ba kusa ba. Ɗan sarki yana kwance ba lafiya, mai neman maganinsa yana can yana wasa da hankalin alƙalai da fatake, waɗanda ya cuta su ne suka biya kuɗin tafiyar, kuma da lokacin kammala labari ya yi sai aljannu suka ɗauke masa sauran wahalar. Daɗin littafin a barkwancinsa da harshensa yake, wannan ba mai musu. Amma a kan tambayar farashi, tatsuniyar da tsofaffi mata ke bayarwa a tsakar gida ta fi littafin da ya ari sunanta tsauri.